Neman Haihuwa A Ƙasashen Waje: A Fara Auna Maigida

Duk wanda ya saba yin rakiya zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko na Abuja, ya san cewa ba dukan masu tashi zuwa Alƙahira da Delhi da Dubai ne 'yan kasuwa ko ɗalibai ba. A cikinsu akwai ma'aurata waɗanda ba su cika son a tambaye su abin da za su yi a can ba. Idan aka matsa, sai maigida ya ce ai uwargida ce ba ta jin daɗi, za a kai ta a duba. Daga nan kowa ya gane, sai a yi shiru, a yi fatan alheri. Haihuwa za a nema, kuma tun kafin jirgi ya ɗaga an riga an yanke hukunci a kan wanda ciwon yake jikinsa.

Ba shakka neman magani ba laifi ba ne, kuma ba wanda zai ga baiken mutumin da ya kashe dukiyarsa don ya sami magaji. Wanda bai taɓa zama a gidan da aka shekara goma ba a ji kukan jariri ba, bai san nauyin abin ba. Sai dai akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a sayar da gona, ko a jinginar da gida, ko a karɓe gwala-gwalan matar a kai kasuwa. Shin an san abin da ya hana haihuwar? Da yawa daga cikin masu wannan tafiya ba su sani ba, domin ba a taɓa auna mijin ba, ko sau ɗaya.

A watan Afrilu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kimanin mutum ɗaya cikin kowane shida na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma bambancin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta a wannan lissafi ɗan kaɗan ne. A ma'aunin hukumar, idan miji da mata suka shekara guda suna tare, ba tare da shan maganin hana ɗaukar ciki ba, kuma ba a sami ciki ba, to lokacin bincike ya yi. Kalmar da ta kamata a lura da ita a nan ita ce miji da mata. Likitocin wannan fanni sun haɗu a kan cewa a kusan rabin gidajen da ake fama da wannan matsala, akwai hannun namiji a ciki, ko dai shi kaɗai, ko kuwa tare da matar.

Amma a ƙasar Hausa harshe kansa ya nuna inda aka ɗora laifin. Akwai juya, akwai bakarariya, kuma duka biyu mace ake jifa da su. Ita ce za ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta yi hayaƙi, a kai ta gun boka, a kai ta gun 'yan bori. A wasu ƙauyuka har yankan gishiri akan yi mata da sunan buɗe hanya, abin da ya jefa mata da dama cikin ciwon yoyon fitsari. Ita ce za ta haɗiye habaicin uwar miji da na dangin miji, ta yi wa kishiya lale marhabin. Idan kishiyar ma ta shekara uku shiru, sai a ce maigida bai yi dacen mata ba, a sake nemo wata. Sanin kowa ne akwai mazan da suka auri uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ko yi ɓatan wata, aka sake su, suka je wasu gidaje suka haihu, amma har yau ba wanda ya iya duban idon mutumin ya ce ya je asibiti. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki.

Abin da ke ruɗin maza da yawa shi ne zaton cewa ƙarfin namiji a shimfiɗa shi ne shaidar haihuwa. Abubuwa biyu ne dabam. Mutum yana iya zama lafiyayye garau ta wannan fuska, alhali ƙwayoyin da ke cikin maniyyinsa sun yi ƙaranci, ko ba sa motsi yadda ya kamata, ko ma babu su sam. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa sosai ba yana toshe hanyar da suke bi. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga yana iya sauka ga 'ya'yan maraina ya lalata su. Kumburin jijiyoyin maraina, da tsargiya, da yawan shan taba, duk suna da nasu rabon. Haka nan wanda ya haifi ɗa shekara goma sha biyar da suka wuce ba shi da tabbacin cewa yau ma haka yake.

Gwajin da zai bayyana wannan kuwa shi ne mafi sauƙi da arha a dukan binciken rashin haihuwa. Mutum zai ƙaurace wa iyalinsa kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje, a duba da madubin likita, a ƙirga. Babu allura, babu yanka, babu kwanciya a asibiti. Idan sakamakon bai yi kyau ba akan sake bayan kamar wata uku, domin kimanin tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi. A gwada wannan da abin da mace ke sha: ɗibar jini a ranaku ƙididdigaggu na wata, da hoton ciki, da hoton da ake ɗura ruwa ta bakin mahaifa don a ga ko bututun ƙwai a buɗe suke, wanda duk matar da aka yi wa ta san zafinsa. Mutumin da ya yarda matarsa ta sha wannan duka, ya kuma yarda ya biya kuɗin jirgi zuwa Indiya, amma ya ƙi miƙa 'yar kwalba a asibitin garinsu, lalle ba haihuwa kaɗai yake nema ba, yana kuma neman a rufa masa asiri ne da jikin matarsa.

Abin ban dariya, in da abin na dariya ne, shi ne cewa gudun ba ya kai shi ko'ina. Duk asibitin kirki a Alƙahira ko Mumbai, abin da zai fara nema a ranar farko shi ne wannan gwaji. Watau mutum ya ƙetare teku, ya biya dala, don a yi masa abin da za a yi masa a Zariya ko Sakkwato da kuɗin da bai kai na ragon suna ba.

Ta ɓangaren mata ma, ba kowace matsala ce take bukatar jirgi ba. Wadda ƙwanta ba ya fita a kan kari, akwai ƙwayoyin sha da aka san su tun shekarun 1960, waɗanda likitan mata zai ba ta yana lura da ita. Wadda ƙari ya fito mata a mahaifa, ana yin aikin cire shi a asibitocin koyarwa na ƙasar nan. Babbar matsalar da ta fi addabar matan Afirka ita ce toshewar bututun ƙwai, kuma mafi yawanta daga cuta take zuwa: ciwon sanyi da miji ya kwaso, ko ƙazantar da ta shiga jiki wajen haihuwa a hannun ungozomar da ba ta da kayan aiki masu tsabta, ko ɓarin da ba a wanke da kyau ba. Shi ya sa ake yawan ganin matar da ta haifi ɗaya tun tana yarinya, daga nan shiru. Irin wannan rashin haihuwa ana iya hana shi tun farko da magani mai arha da ɗakin haihuwa mai tsabta. Idan bututun suka riga suka lalace, a nan ne ake bukatar abin da jama'a ke kira haihuwar kwalba.

Ya kamata a fayyace ko mene ne wannan, domin sunan yana ruɗarwa. Ba a renon jariri a cikin kwalba. Ana yi wa mace allurai kullum na kimanin kwana goma zuwa sha biyu don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, sa'an nan a zuƙo su da siririyar allura, a haɗa su da maniyyi a ɗakin gwaji. Bayan kwana uku zuwa biyar sai a mayar da ɗan tayi cikin mahaifa, a jira mako biyu a ga ko ya kama. Yarinya ta farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta ran 25 ga Yuli 1978 a garin Oldham na Ingila, bisa aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy, kuma an ba Edwards lambar Nobel a 2010. Masar ta buɗe cibiyarta ta farko a 1986. A 1992 likitoci a Brussels ta ƙasar Beljiyam suka fito da dabarar cusa ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak cikin ƙwai, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da ƙwayoyinsu suka yi ƙaranci ƙwarai. Wannan ma wani dalili ne da zai sa namiji ya daina tsoron gwaji, domin sakamako maras kyau yanzu ba shi ne ƙarshen magana ba.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun cikin shekarun 1980 Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin a Legas, a 1998 kuma aka haifi yarinya ta wannan hanya a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da sashen da ke yin sa, haka asibitin koyarwa na Benin, ban da asibitoci masu zaman kansu da dama.

To, me ake sayowa a waje? Abin da dillalan tafiya ba sa faɗa shi ne cewa ko a ina aka yi aikin, ba a sayar da tabbas. Ingila tana da hukumar da ke kula da asibitocin haihuwa tun 1991, wadda take tilasta musu kawo sakamakonsu na gaskiya. Alƙalumanta sun nuna cewa ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, kimanin dashe ɗaya cikin uku ne yake kaiwa ga haihuwa. Ga wadda ta kai 43 zuwa sama, idan da ƙwanta aka yi, abin bai wuce biyar cikin ɗari ba. Wannan fa a ƙasar da wutar lantarki ba ta ɗaukewa ke nan. Ma'anarsa ita ce mafi yawan waɗanda suka gwada sau ɗaya za su dawo hannu rabbana, kuma masu samun nasara da yawa sai a karo na biyu ko na uku. Iyalin da suka tattara duk abin da suka mallaka don tafiya guda, sun zuba dukiyarsu ne a kan ƙuri'ar da faɗuwa ta fi ci yawa a cikinta.

Shekarun mace kuwa su ne jarin da ba a mayarwa. Kowace shekara da aka ɓata wajen boka, da kowace shekara da aka ɓata ana tara kuɗin jirgi, ragi ne daga rabon da ake nema. Tarin kuɗin ma ya zama tseren da ba a cimmawa. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafin tafiyarsa a farkon 2023 ya wayi gari abin da ya tara bai kai sulusin bukata ba, ga kuɗin biza, ga masauki na wata guda ko fiye, ga abinci, ga tafinta, ga la'adar dillalin da ya haɗa shi da asibitin, wadda sau da yawa ba ya ma sanin an ɗora masa ita a cikin kuɗin magani.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ta shafi nasaba. Idan mutum ya ga talla tana alkawarin nasara mai yawa ga mace 'yar shekara arba'in da biyar, to ya tsaya ya tambaya da ƙwan wa za a yi. A ƙasashe irin su Indiya da Sifen da Girka doka ta yarda a yi amfani da ƙwan wata mace ko maniyyin wani namiji, kuma ta wannan hanya ce ake samun waɗancan alƙaluma masu daɗin ji. A Masar da Turkiyya ba a yarda ba. Tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa cewa aikin ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijin ne, kuma igiyar aure tana nan, amma shigar da na uku haramun ne. A kan wannan malaman Sunna suka tafi. Mutumin da aka miƙa wa takardu shafi goma da Turanci, a ƙasar da ba ya jin harshenta, tafinta na tsaye a kansa, matarsa ta riga ta sha allurar kwana goma, da wuya ya karanta abin da yake sa wa hannu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wannan tambaya tun daga gida ake yin ta, a kuma karɓi amsar a rubuce.

Bayan an dawo ma aikin bai ƙare ba. Asibitin da ya san baƙo ba zai iya dawowa ba yakan so ya dasa 'yan tayi biyu ko uku a lokaci guda don a ƙara sa'a, ma'auratan su ma sukan roƙi haka, suna ganin tagwaye riba ce. Amma cikin tagwaye da na 'yan uku ya fi zuwa da hawan jini ga uwa, da haihuwar bakwaini. Saboda haka ne Ingila ta matsa wa asibitocinta su koma dasa ɗaya ɗaya. Matar da aka dasa wa uku a Delhi, a garinsu za ta haihu, inda wataƙila kwalbar bakwaini ɗaya ce a asibitin, ita ma tana jiran janareta. Haka kuma alluran nan sukan sa wasu mata kumburin ciki da taruwar ruwa, wanda kan tsananta kwanaki bayan dashe, lokacin da likitan da ya san abin da ya ba ta yake wata nahiya. Sauran 'yan tayin da aka daskarar aka ajiye, su ma suna can, ana biyan kuɗin ajiya da dala. An ga abin da ya faru a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe filayen jiragen ƙasar nan ga tafiyar waje daga Maris har zuwa Satumba, da kuma lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza daga 2022 zuwa Yuli 2024. Duk wanda ya bar ajiya a can, sai kallo.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce masu tafiya ba su da hujja. Wasu sirri suke nema, domin a asibitin garinsu ma'aikaciyar da ke riƙe da kati 'yar unguwarsu ce, kafin la'asar labari ya kai gidan suna. Wasu sun gaji da yajin aikin likitoci da layin da ba ya ƙarewa. Wasu kuma an cuce su a gida. A 2024 gidan rediyon BBC ya bankaɗo yadda wasu a Jihar Anambra suke karɓar kuɗin mata suna yi musu allurai har cikinsu ya kumbura, su ce juna biyu ne da hoto ba ya gani, daga bisani su miƙa musu jariran da aka sayo. Inda irin wannan zai iya faruwa, ba a zargin wanda ya ce shi dai a kai shi inda ake da doka.

A nan ne nauyin hukuma yake. Indiya, wadda a da aka san ta da sakaci a wannan sana'a, ta hana baƙi ɗaukar hayar mahaifa a 2015, kana a 2021 ta kafa dokokin da suka wajabta wa asibitocin haihuwa yin rajista, suka kuma sa iyakar shekaru, 50 ga mace, 55 ga namiji. A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ba ta kafa hukuma irin ta Ingila ba. Jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idoji a 2019, abin da ya kamata jihohin Arewa su yi koyi da shi. Wajibi ne kowane asibitin da ke wannan aiki ya bayyana mata nawa ya yi wa, 'yan shekara nawa, da kuma nawa suka rungumi jariri mai rai, domin wasu gwajin fitsari kawai suke ƙirgawa su kira shi nasara. Dillalan da ke tallar asibitocin waje su ma a san su, a san la'adar da suke karɓa. Tun Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba. Masu cewa ƙasar da mutane suka yi wa yawa ba ta da bukatar kashe kuɗi a kan rashin haihuwa, sun manta cewa yawan 'ya'yan maƙwabta bai taɓa hana a saki mace ba.

Amma akwai abin da ba ya jiran majalisa ko kasafin kuɗi. Ma'aikatun lafiya na jihohi suna iya ba da umarni cewa a asibitocin gwamnati kada a fara wa mace binciken rashin haihuwa mai tsanani sai an ga sakamakon mijinta, a kuma keɓe wa maza rana da ƙofa tasu don a sauƙaƙa musu kunya. Malamai da limamai, waɗanda maza ke saurara fiye da likita, suna iya faɗa a wajen wa'azi cewa gwajin ba ya rage mutuncin kowa, kuma ɗora wa mace laifin da ba a tabbatar ba zalunci ne. Iyayen yarinya ma suna da haƙƙin su tambayi surukinsu ko shi an duba shi, kafin su yarda a sayar da gadonta a sayi tikiti. Kayan aikin da ake bukata ba su wuce madubin likita da ma'aikacin da aka horar ba, kuma kusan kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma yana da madubin, da shi ake duba jinin masu zazzaɓin cizon sauro kowace safiya.